Gyara Ko Sauyi: Yadda Za A Yanke Shawara Idan Aksil Na Bayan Ƙaramar Tarakta Yana Yoyo Kuma Mazauninsa Ya Karye

Ƙananan taraktocin nan da ake shigo da su na hannu daga Amurka da Turai, waɗanda ake gani a gidajen gona na bayan gari da filayen makarantu da lambunan otal, suna da wata matsala da yawancinsu ke faɗawa cikinta idan sun kwana biyu suna aiki. Sai a wayi gari a tarar mai ya jiƙa cikin tayar baya, ƙura ta manne a kai ta yi baƙi ƙirin, sannan idan aka tashi tafiya ko aka koma da baya sai a ji ƙarfe ya bugi ƙarfe a ƙarƙashin kujera. Mai tarakta yakan ɗauka matsaloli biyu ne, ya kai wa bakanike yoyon, ya kai wa mai walda karayar. A ganina mafi yawan lokaci ciwo ɗaya ne, kuma wanda bai gane haka ba zai biya kuɗin gyara sau biyu ko sau uku kafin damina ta wuce.

A irin waɗannan taraktoci, giya da aksil, wato sandar da ke juya tayoyin baya, suna cikin akwati guda, kuma akwatin yana rataye a jikin shasi ta kunnuwa biyu da ke kusa da tayoyi, da wani baraket a gaba wanda aikinsa shi ne hana akwatin juyawa. Waɗannan kunnuwa da baraket su ne mazauninsa. Duk lokacin da tayoyi suka tura tarakta gaba, akwatin yana neman ya murɗa ta ɗaya ɓangaren, kuma baraket ɗin nan ne ke tare shi. Idan noti ɗaya ya saki, akwatin zai fara girgiza, ramin kusar ya faɗaɗa ya zama doguwar kafa, daga nan tsagewa ta soma tafiya a jikin kunne ko a jikin shasi. Da zarar akwatin ya karkace, bel ya daina tafiya daidai, nauyi ya koma kan gefe ɗaya na sandar aksil, boris ko bushin ya cinye, sandar ta riƙa rawa a cikin sil, wato zoben robar da ke hana mai fita, har leɓensa ya kasa riƙe mai. Saboda haka wanda ya sa sabon sil ya bar mazauni yana lilo bai gyara komai ba, ya dai sayi 'yan makonni ne kawai.

Kafin a zaɓi hanya, akwai bincike na rabin yini da ba ya cin kuɗi sai na kananzir. A wanke akwatin tas, a bar shi ya bushe, a barbaɗa masa hoda ko toka mai laushi, sannan a yi aiki da taraktar na ɗan lokaci a duba inda hodar ta fara jiƙewa. Mai yana iya fitowa daga sil na aksil, ko daga sil na sama da ke ƙarƙashin fuli da fanka, ko daga mahaɗar ɓari biyu na akwatin, ko daga ƙofar shaƙar iska idan ta toshe ko an cika mai fiye da ƙima, ko kuma daga tsagewa a jikin akwatin kansa. Da yake mai yana gangarowa ƙasa, inda yake ɗiga ba lallai ne ya zama inda yake fita ba. Bayan haka a ɗaga bayan taraktar a ɗora ta kan katako mai kauri, ba kan jak kaɗai ba, a kama taya da hannu biyu a jijjiga ta sama da ƙasa. Idan aka ji sandar tana motsi har ana iya ganin motsin da ido, to boris ko bushin ya tafi. Na ƙarshe, a ɗora maganaɗisu a jikin akwatin: idan ya kama, ƙarfen zubi ne, idan bai kama ba, alminiyam ne. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne ginshiƙin duk shawarar da za ta biyo baya.

Zaɓi na farko game da yoyon shi ne a sauya sil a inda yake ba tare da an sauke akwatin ba. Ana cire taya da kilif da ɗan ƙarfen ki, wanda ke kulle taya da sandar domin su juya tare, a ɓamɓaro tsohon sil da ƙugiya, a tura sabo da guntun bututu mai faɗi daidai da shi. Aiki ne mai sauri da araha, kuma shi ne daidai idan sandar ba ta rawa, mazauni kuma lafiyarsa ƙalau. Sau da yawa idan aka cire tayar za a tarar da abin da ya kashe sil ɗin yana nan a naɗe: igiyar buhu ko waya ko leda da ta nannaɗe a sandar, ta narke da zafi, ta kutsa ƙarƙashin leɓen robar ta yanka shi. Sai dai kafin a sa sabo, a bi jikin sandar da farce a daidai inda tsohon leɓen ke zama. Idan farce ya sarƙe a wani siririn kwari, to tsohon sil da ƙura sun riga sun ci ƙarfen, kuma sabon sil zai zauna cikin kwarin ya ci gaba da yoyo. Maganin wannan shi ne ko dai a ɗan sauya zurfin da sil ke zama domin leɓensa ya sauka kan lafiyayyen ƙarfe, ko a sa siririyar rigar ƙarfe irin Speedi-Sleeve ta kamfanin SKF, wadda kaurin bangonta milimita 0.28 ne kacal, don haka ana iya amfani da sil mai girman asali a kanta. Haka kuma ramin ki yana da kaifi. Duk bakaniken da ya tura sabon sil ta kansa bai naɗe shi da tef ya shafa mai ba, ya yanka leɓen tun kafin tarakta ta tashi.

Batun girman sil yana bukatar a tsaya a kansa, domin a nan ne yawancin gyare-gyaren da ake yi a wajenmu ke lalacewa. Taraktocin Amurka da inci ake auna sandarsu, alhali sil ɗin da ya fi yawa a kasuwannin kayan gyara kamar Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da milimita ake auna shi. Akwatin Tuff Torq K46, wanda yake cikin taraktocin yankan ciyawa masu yawa na John Deere da Husqvarna, kaurin sandarsa kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato milimita 19.05. Idan mai shago ya ba da sil na milimita 20 ya ce kusan ɗaya ne, zai shiga ba gardama, amma ba zai riƙe mai ba. Ga kuma faɗin waje, wanda dole ya matse a cikin gurbinsa. Idan ya yi sako-sako sai a ga an liƙe shi da gam, bayan kwanaki ya fito. Abin da ya dace shi ne a tafi kasuwa da tsohon sil da ma'auni, a nemi mai leɓe biyu, ɗaya na riƙe mai ɗaya na tare ƙura, domin ƙurar hunturu a ƙasarmu ta fi abin da aka ƙera waɗannan injuna dominsa.

Zaɓi na biyu shi ne a sauke akwatin gaba ɗaya a ɗora shi kan tebur, kuma shi nake fifitawa duk lokacin da yoyo ya haɗu da karayar mazauni. A ƙananan taraktoci kusoshi kaɗan ne ke riƙe da shi, sai bel da sandar birki da ta giya, kuma irin K46 mutum ɗaya zai iya ɗaukarsa. Amfanin saukewa yana da yawa. Ana ganin duk tsagewar da ke ɓoye a bayan baraket, ana sauya sil duka a lokaci guda, ana sauya boris, ana buɗe mahaɗar a kankare tsohon gam a sa sabo. Sannan akwai batun mai: yawancin K46 ba su da kusar zubar da mai a ƙasa, sai an sauke an kifar da akwatin kafin tsohon man ya fita, kuma akwatin da ya daɗe yana yoyo ya yi aiki da ƙarancin mai a cikin zafi, man da ya rage ya riga ya ƙone. Aibin wannan hanya shi ne bukatar tsafta. Akwatin da ke aiki da matsin mai, wanda ba a sa masa giya da hannu sai dai a taka feda gaba ko baya, yana da famfo da mota a ciki, wato ɗan injin da matsin mai ke juyawa, waɗanda fuskokinsu ke goge juna ba tare da wani faki a tsakani ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su. Buɗe irin wannan akwati a ƙasa a bakin titi, iska na kaɗawa, ya fi yoyon da ake son gyarawa haɗari. Idan bakanike ba shi da ɗaki da tebur da tsumma mai tsafta, gara ya tsaya kan sil na waje da sauya mai, ya bar cikin yadda yake.

Yanzu ga mazauni, inda aka fi yin gaggawa kuma aka fi yin nadama. Idan abin da ya karye baraket ne ko jikin shasi, to ƙarfe ne na yau da kullum, kuma kowane ƙwararren mai walda zai iya. Amma akwai bambanci tsakanin shafa walda a kan tsagewa da gyara ta. Gyara na gaskiya yana farawa da huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagewar domin ta daina tafiya, sannan a buɗe bakinta da giranda ta yi kwari, a cika ta da sandar walda irin 7018 idan akwai, ko 6013 da aka fi samu, sannan a ɗora faranti na ƙarfe wanda ya zarce wurin ta kowane gefe. Farantin kada ya zama mai kusurwa huɗu masu kaifi, domin sabuwar tsagewa daga kusurwa take tashi. A zagaye bakinsa. Kuma a sake huda ramukan kusoshi a ainihin inda suke, ba a inda akwatin ya karkata ya zauna ba, in ba haka ba an dawwamar da karkacewar ke nan. Kafin a kunna wuta a cire batir da tankin fetur, wanda a taraktoci da dama yana daidai saman wurin da ake aikin.

Idan kunnen akwatin ne ya karye kuma akwatin na ƙarfen zubi ne, kamar na tsofaffin Cub Cadet da kamfanin International Harvester ya fara fitarwa a farkon shekarun 1960, ko na Wheel Horse na wancan zamani, to ana iya walda, amma ba da sandar da ake walda ƙofa ba. Ƙarfen zubi yana da gautsi. Idan wuri ɗaya ya yi zafi sauran na da sanyi, sai ya tsage a gefen waldar yayin da yake hucewa, wani lokaci har a ji ƙararsa. Mai walda da ya san aikinsa zai zubar da man, ya wanke akwatin, ya ɗumama wurin gaba ɗaya da wuta, ya yi amfani da sandar nikel, ya riƙa yin gajeren ɗinki yana bubbuga shi da ƙaramar guduma tun yana da zafi, sannan ya binne akwatin cikin busasshen yashi ko toka ya bar shi ya kwana yana hucewa a hankali. Sandar nikel tana da tsada, aikin kuma yana cin lokaci, amma irin wannan akwati ya cancanci wahalar, domin giyoyin da ke cikinsa an yi su ne don jan garma, kuma samun makamancinsa a kasuwa ba abu ne mai sauƙi ba.

Alminiyam kuwa labarinsa daban ne, kuma a nan ina ba da shawarar a guji walda sai in babu makawa. Alminiyam yana narkewa a kusan digiri 660 na ma'aunin Celsius, amma siririyar fatar da ke rufe samansa sai ta haura digiri 2,000 kafin ta narke, shi ya sa ake bukatar injin walda na musamman mai iskar argon. Ko da an sami injin, akwatin da aka zuba a masana'anta yana da ƙananan kafofi a cikin namansa waɗanda suka sha mai tsawon shekaru, kuma da zafi ya taɓa su sai man ya taso ya cika waldar da kumfa. Waldar za ta yi kyau a ido, ta ɓalle a ranar da aka ɗaura tirela. Bugu da ƙari zafin yana iya lanƙwasa gurbin boris da na sil, a kashe yoyo ɗaya a haifi wani. Hanyar da ta fi aminci ita ce a bar karyayyen kunnen, a ƙera baraket na ƙarfe mai kauri wanda zai rungumi wuyan aksil, a ɗaure shi da kusa mai lanƙwasa irin ta sifirin mota, sannan a ɗaure baraket ɗin a shasi. Ta haka nauyi ya bar wurin da ya karye ya bazu a lafiyayyen wuri, kuma babu zafin da ya taɓa akwatin. A kula kawai kada a matse har wuyan ya murƙushe. Idan kuma zaren ramin kusa ne ya cinye a cikin alminiyam, akwai zaren ƙarfe na Helicoil da ake dasawa, wanda ya fi tura babbar kusa da ƙarfi.

Gam mai haɗi biyu da ake sayarwa da sunan waldar sanyi yana da wurinsa, amma ƙarami ne. Yana iya toshe siririyar tsagewa da mai ke tsattsafowa ta cikinta a inda babu nauyi, idan an wanke wurin an karce shi sosai. Ba zai riƙe kunnen da ke ɗauke da nauyin tarakta da direba ba.

Kusoshin da za a mayar su ma ba abin rainawa ba ne. A kan kusar Amurka za a ga layuka uku ko shida, masu nuna daraja ta 5 ko ta 8, a kan ta milimita kuma za a ga lamba 8.8 ko 10.9. Kusar da kanta babu komai mai taushi ce, za ta miƙe ta saki. Kuma zaren inci ba ya shiga na milimita, ko da ya yi kamar zai shiga a juyi biyu na farko.

Sai babbar tambaya, wato ko a bar gyaran a nemi wani akwatin na tokumbo. Abin da ke raba gardama a nan shi ne halin taraktar idan ta yi zafi. Idan tana ja da ƙarfinta daga safe har rana, cikin akwatin lafiya yake, kuma sil da baraket da sabon mai za su wadatar. Sayen wani akwatin a wannan hali asara ce, domin an bar wanda aka san halinsa an ɗauki wanda ba a sani ba. Amma idan tana tashi da ƙarfi, bayan kamar rabin awa ta soma kasala har ta kasa hawa ɗan tudu alhali bel bai saki ba, to famfo da motar ciki sun cinye, mai yana zillewa ta tsakaninsu da zarar ya yi zafi ya tsinke. Idan wannan ya haɗu da tsagewar da ta ratsa har cikin ɗakin mai, babu dalilin ci gaba da zuba kuɗi. Matsalar tokumbo ita ce ba a iya gwada shi da zafi a shago, kuma akwatin da ya mutu ma yana juyawa lafiya da hannu. Don haka a yi ciniki da sharaɗin mayarwa, a buɗe murfin a shinshina man a duba ko akwai ƙyallin garin ƙarfe a ciki, sannan a karanta takardar da ke manne a jikinsa. K46 iri-iri ne, haruffan da ke bin lambar su ne ke bambanta fuli da gefen sandar giya da wurin ɗauri, kuma wanda bai dace ba zai tilasta a yanke shasi.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mai tarakta ya faɗa wa kansa game da aikin da yake sa ta. K46 an yi shi ne don yankan ciyawa a shimfiɗaɗɗen fili da jan ƙaramin kaya. Idan ana ɗaura masa garma ko tirela cike da taki da buhunan masara a hanyar gona mai ramuka, to karayar mazauni ba tsautsayi ba ce, kuma sabon K46 zai bi sawun tsohon. Wanda aikinsa ke nan ya nemi akwati mafi ƙarfi kamar K66, mai sandar inci ɗaya, tare da sanin cewa zai bukaci sauya mariƙin taya da gyara wurin ɗauri, ko kuma ya sayar da taraktar ya sayi tarakta mai ƙafa biyu da ake bi a baya, irin wadda manoman shinkafa ke amfani da ita a fadama, wadda kayan gyaranta suka fi samuwa a kasuwanninmu.

Ko wace hanya aka bi, man da za a zuba ya dace da irin akwatin. Mai giyar hannu yana shan man giya mai kauri, wasu na kamfanin Peerless kuma giris ne a cikinsu. Mai aiki da matsin mai kuwa man inji yake sha: K46 yana fitowa daga masana'anta da 10W-30, kamfanin kuma yana ba da shawarar 5W-50 irin na sintetik, wato wanda aka haɗa da sinadarai, don aiki mai zafi, yayin da akwatunan Hydro-Gear suka saba da 20W-50. Zuba man giya mai lamba 90 a irin waɗannan kuskure ne da ake yawan yi da kyakkyawar niyya, wai don kauri ya rage yoyo. Bayan an zuba mai sai a fitar da iska: a ɗaga tayoyin baya, a ja sandar da ke sakin akwatin don turawa da hannu, a kunna inji a taka feda gaba da baya a hankali sau da yawa, sannan a mayar da sandar a maimaita har tayoyin su riƙa juyawa ba tare da kuka ba. A duba fankar roba da ke saman akwatin, a sauya ta idan fikafikanta sun karye, a kuma kankare laka da ciyawa daga tsagogin sanyaya jikinsa, domin a zafin Afrilu da Mayu fankar nan ce kaɗai ke hana man dahuwa. Bayan aikin yini na farko a koma da sifana a sake bin kowane noti na mazaunin, domin fenti da tsatsar da ke tsakanin farantai sukan murƙushe su bar ɗan sarari.